Barewar Baba Nomau da Gyambonsa

Na daɗe ina aiki a ɗakin wankin miki, kuma yawancin ranakun sun haɗe mini a kai sun zama rana guda mai warin magani. Amma akwai safiyar da ba ta taɓa fita raina ba, wadda na buɗe ƙofa na tarar da dattijo zaune a kan benci riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma barewa ce tsaye tana rawar jiki, jini na bin gefen fuskarta. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Ga yadda na gan shi da idona.

Abin ya faru ƴan shekaru bayan yunwar tamanin da huɗu. Ina aiki a wani ƙaramin gidan likita na ƙauye a kwarin Badaguishiri. Shugabanmu shi ne majo, wato ma'aikacin jinya wanda ya yi makarantar aikin, shi ke duba marasa lafiya, ya rubuta magani, ya yi allura. Namu a lokacin sunansa Majo Sule, saurayi ne mai son karatu da son dariya. Ni kuwa lebura aka ɗauke ni. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, daga nan na tsaya. Aikina shara, ɗebo ruwa, da tafasa almakashi da hantsaki. Da majo ya ga hannuna ba ya rawa a gaban jini, sai ya koya mini wanke miki da ɗaure shi. A samanmu akwai babban likita a Illela, wanda ke zuwa rangadi lokaci-lokaci. Abin da ya fi ƙarfinmu mu tura masa, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura Tahoua.

Ya kamata ku san halina kafin in ci gaba. Hannuna ne ba ya rawa, amma zuciyata kullum cikin rawa take. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon. In na tafasa hantsaki, kuda ya wuce kusa da shi, sai na mayar da shi tukunya. Duk umarnin da majo ya ba ni, amsata takan fara da "idan fa", har ya sa mini suna Idan-Fa, mutanen gari kuma suka ɗauka.

Dattijon da na ambata shi ne Baba Nomau, mai lambu. A duk kwarin an san albasarsa, da kabeji, da zogalen da ya yi wa lambun shinge da shi. Hauya ta sare shi a ƙwaurin dama, ciwon ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Da ya fara zuwa wurinmu, mikin ya kai faɗin tafin hannu. Kafin nan ya zuba masa toka, ya zuba garin taba, ya zuba baƙin garin da ake farkewa daga batirin tocila. Maganin irin wannan ciwo ba ɓoyayye ba ne: a wanke kullum, a ɗaure da tsabta, mutum ya zauna ya ɗaga ƙafar, kada ya shiga ruwa ko taɓo. Baba Nomau kuwa aikinsa ke nan, tsayawa a bakin rijiyar lambu cikin caɓi yana jan guga daga safe zuwa azahar. Yakan zo a wanke masa sau ɗaya, ya yi godiya mai yawa, ya ɓace. Ba za mu sake ganinsa ba sai warin ya hana matarsa Inna Tsahara cin tuwo kusa da shi, ta koro shi.

A farkon sanyin shekarar babban likita ya zo, ya duba ƙafar. Sannan ya ce mikin ya kusa ƙashi. In ya dawo rangadi na gaba ya tarar bai ja baya ba, zai rubuta takardar Tahoua, kuma a can ba za su yi shawara da kowa ba, za su yanke daga ƙasan gwiwa. Baba Nomau ya saurara da ladabi, ya ce Allah ya kiyaye, sannan ya tambaya ko an gama, don ya bar ruwa yana bin fangalin albasa.

Bayan tafiyar babban likita, majo ya ce sai an kankare ruɓaɓɓen naman. Ba mu da allurar kashe zafi ta ɓarnatarwa a kan irin wannan aiki. Abin da majo yake yi shi ne ya cika wa mutum kunne da hira har a gama. Ran nan ya ɗauko wata mujallar Faransanci da abokinsa ya aiko masa daga Yamai, ya buɗe wani shafi ya miƙa wa Baba Nomau, ni kuma na riƙe ƙafar.

Hoton wata dabba ce ta ƙasashen sanyi, mai siririyar ƙafa da ido kamar na barewa, amma ta fi ta girma nesa ba kusa ba, ƙahonta kuma ya yi rassa kamar busasshen icce. Majo ya ce kowace shekara ƙahon nan yakan faɗi da kansa, ya bar ɗanyen miki a kan dabbar. Ba mai wanke mata, ba mai ɗaure mata, amma fata ta rufe wurin da sauri, ba ruɓa, ba wani tabo na kirki. Daga nan sabon ƙaho ya tsiro a ƙarƙashin fata mai laushi mai gashi, ya yi ta girma har ya kai na bara ko ya wuce shi. Ya ce masu bincike suna ta mamakin abin, suna ganin in an gane sirrin, wata rana zai taimaka wa masu ciwo irin na Baba Nomau. Ina shaida cewa majo ya faɗi abu biyu a fili. Ya ce wannan dabba ba barewarmu ba ce, ƙahonta ƙashi ne zalla, na tamu kuwa irin na saniya ne, in ya tafi ya tafi. Ya kuma ce har yanzu babu wani magani da aka fitar, bincike ne kawai.

Baba Nomau bai ko yi nishi ba har aka gama kankarewa. Idonsa na kan hoton. Da na fara ɗauri sai ya ce:

"Majo, kai ka yi karatu, amma ba ka yi lambu ba. Wanga ƙaho ba da kanshi yake faɗuwa ba. Duk abin da ka gani ya yi rassa haka, yanke shi aka yi. Ka bar zogale ya tafi sama, sanda guda zai yi. Ka datse mai kai, ka ga ikon Allah."

Majo ya yi dariya ya ce ƙaho ba zogale ba ne. Baba Nomau ya ce shi ma bai ce zogale ba ne, ya dai ce Turawa sun iya kiwo.

Da ya fita na ce wa majo, idan fa ya gwada? Domin kowa ya san Baba Nomau yana da barewa a gida. A shekarar yunwa wani makiyayi Buzu ya sauka kusa da lambunsa, ya shayar da sauran dabbobinsa a rijiyarsa, da zai tashi ya bar masa ƴar barewar da ya tsinta a daji. A hannun Inna Tsahara ta girma da dusa da harawa, tana bin mutane kamar akuya. Majo ya ce in bar shi ya sha shayinsa, ba mai hankalin da zai yanke ƙahon barewa saboda hoto.

Ba a yi mako ba sai ga Baba Nomau a kan benci, da barewar a ƙarshen igiya.

Ya aro zarto wurin kafinta, ya datse ƙahon hagu kusa da gindi. Bai san ƙahon barewa yana da rai a ciki ba, jini ya yi ta zuba, Inna Tsahara ta ce in dabbar ta mutu a gidanta shi ma ya nemi wurin kwana. Majo ya fito, ya tsaya yana kallo. Ya yi faɗa sosai. Ya ce nan ba wurin dabbobi ba ne, ma'aikacin dabbobi yana Illela. Baba Nomau ya ce kafin a kai ta Illela jininta ya ƙare, kuma tun da maganar daga ɗakin nan ta fito, a ɗakin nan za a gyara ta.

Ni a lokacin kaina ya riga ya cika. Idan fa ma'aikatan gandun daji suka ji akwai barewa a harabar gwamnati? Idan fa aka ce mun sa auduga da bandejin talakawa a kan dabba? Idan fa ta tunkuyi wata mai ciki da ƙahon da ya rage? Na faɗi duka ukun. Majo ya dubi ƙafar dattijon, wadda ɗaurin da na yi mata ya riga ya koma kalar taɓo. Sannan ya ce, a hankali:

"Baba, za mu ɗaure mata kai. Amma ga dokar gidan nan: mutum ake fara dubawa kafin dabba. Kullum aka kawo ta, sai an gama da ƙafarka sannan a taɓa ta."

Baba Nomau ya ce wannan ai adalci ne. Majo ya ƙara da cewa kada ya yi tunanin za a daka guntun ƙahon a zuba masa a miki. Dattijon ya dube shi kamar ya yi maganar yara. Ya ce wa ke cin tsohon reshe? Sabon toho yake jira, mai laushin nan da majo ya kwatanta, shi ne maganin. Game da bandeji kuwa, Inna Tsahara ta kawo tsohon zanenta, na yayyaga shi na tafasa, da shi muka riƙa naɗe kan barewar. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali ta gefe guda.

Abin da ya biyo baya ba mu ne muka tsara shi ba. Barewar ta riƙa goga kanta a jikin bango da gindin icce don ta cire ɗaurin. Baba Nomau ya ce in ta ci gaba za ta kashe tohon tun bai fito ba, kuma bai yarda da kowa ya tsare ta ba, don akwai masu idon da in sun ga tohon farko za su riga shi. Saboda haka ya ɗaure igiyar a wuyan hannunsa. Kowace safiya Inna Tsahara ta ɗora shi a jaki, barewa na biye, su zo. In an gama da su biyun, ya shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiyar harabarmu, inda babu bangon gogawa, ya wuni. Majo ya mirgino masa wani tsohon turmi ya ce ya ɗora ƙafar a kai. Ya ɗora ba gardama, don hankalinsa ba ya wurin. Mutumin da barazanar wuƙar Tahoua ba ta zaunar da shi yini guda ba, ga shi zaune tun hantsi har la'asar yana gadin kan barewa.

Lambu ya koma hannun Inna Tsahara da ƙanenta. Ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Tana sauke shi daga jaki tana cewa ta auri mai lambu, ga shi ta wayi gari da makiyayin dabba ɗaya, dabbar ma rabi.

Kan barewar ya riga ƙafar warkewa. Wurin ya bushe, ya yi tauri, ya zama dungu. A nan sabuwar damuwa ta same ni. Ɗaure mikin da ya warke, a ganina, wani irin ƙarya ne da hannu, kuma ni ba na son in tsaya gaban Allah da irin wannan. Na gaya wa Baba Nomau a gaban majo cewa kan dabbar ya warke, ba ya buƙatar ɗauri, kuma ƙahon ba zai fito ba, ko bana ko baɗi. Ya ce ya ji, amma in ci gaba da naɗewa, domin ko irin albasa in an zuba shi ana rufe shi da ciyawa kada rana ta ƙone shi. Kowace safiya in na kwance zanen, sai ya sa babban yatsa ya lallatsa dungun, ya ce yau kam akwai ɗan tudu. Ya ce in taɓa. In taɓa in ce babu komai. Ya ce sabulu ya kashe mini hannu.

A ƙafar kuwa abu yana tafiya. Warin ya ɗauke. Ƙasan mikin ya yi ja mai kyau kamar cikin kankana, bakinsa ya fara jawo wata siririyar fata fara-fara daga kowane gefe. Kullum nakan nuna masa, ya leƙa sau ɗaya ya ce madalla, ya mayar da ido kan barewa.

Wata rana Inna Tsahara ta same ni a bakin rijiya ina wanke kwanonin aiki. Ta ce ita ba ta yi lakwal ba, amma ta fi shekara arba'in tana ganin awaki da shanu, ba ta taɓa ganin ƙaho ya dawo ba. Albasa ta kusa kai, ƙanenta ya gaji, bayanta ya ƙage. Ta ce mutanen gari sun san ba na ƙarya, in zaunar da mijinta in rantse masa, ya tashi ya koma lambunsa.

Na koma ɗaki. Sai a lokacin na ga ramin da nake tsaye a bakinsa. Kullum ina gaya wa mutumin nan gaskiya, ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da zai faru in ya yarda ba. In ya yarda, gobe yana cikin taɓo, sabuwar fatar nan mai kaurin bawon albasa ta tafi, babban likita ya zo ya rubuta takarda. In kuma na daina faɗa, na zama abokin ruɗinsa. Na kasa cin abincin rana. Na je na zayyana wa majo duka, na tambaye shi wanne zan ɗauka.

Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Idan-Fa, ka ci gaba da faɗa mai gaskiya kullum, kada ka rage ko kaɗan. Ni da na nuna mai hoto bai yarda da ni ba, kai ne zai yarda da kai?"

Ban san ko yabo ba ne ko zagi, amma haka na yi. Washegari na rantse wa Baba Nomau a gaban matarsa. Ya saurara har na gama, ya ce wa Inna Tsahara ta ga irin yaran yanzu, ba su da haƙurin jiran shuka. Ita kuwa majo ya kira ta gefe ya kwance ɗaurin ya nuna mata ƙafar. Ta daɗe tana kallo. Daga ranar ta daina yi masa gori a gabanmu, ta koma yi wa jakin.

Babban likita ya dawo da zafi ya fara shigowa. Tun daga safe na share harabar har inda ba a taɓa sharewa ba, na roƙi majo a ɓoye barewar a bayan ɗakin ungozoma. Ya ƙi. Motar ta tsaya, babban likita ya sauko, abin da ya fara gani shi ne dattijo da ƙafa a kan turmi, da barewa mai ƙaho ɗaya sanye da rawanin atamfa. Ya tambayi majo da Faransanci, majo ya amsa da Faransanci. Ɗan abin da na tsinta a lakwal bai ishe ni bin su ba, na dai ga babban likita ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya sa na kwance ƙafar. Mikin da ya bari kamar tafin hannu ya dawo bai fi bakin cokali ba. Ya lallatsa gefensa, ya ce maganar Tahoua ta wuce, a ci gaba da duk abin da ake yi. Baba Nomau ya roƙe shi ya taɓa kan barewar ya faɗi ra'ayinsa a matsayinsa na babba. Ya taɓa, ya ce shi likitan mutane ne, ya shiga duba masu jira.

Kafin ruwan farko mikin ya rufe. Bai rufe kamar na dabbar hoton ba. Ya bar tabo babba mai sheƙi, ba gashi, fatar a tamke, wanda ya tafi da shi kabari. Amma ƙafa tana nan, da ita ya yi noman damina.

Ranar da na cire ɗauri na ƙarshe, na cire na barewar ma. Dungu yana nan yadda yake. Na tausaya wa dattijon, ina ta shirya kalmar da zan faɗa don kada ya ji kunya a gaban mutanen da ke kan benci. Ya lallatsa dungun, ya shafa tabon ƙafarsa, ya gyaɗa kai kamar wanda lissafinsa ya fita daidai.

"To ina zai fito?" in ji shi. "In albasa ta ɗauko zangarniyar fure, karye ta mukan yi, ƙarfin ya koma ƙasa, kai ya yi girma. Ƙarfin da zai yi ƙaho, ga shi nan ya sauko ƙafata."

Majo ya dube ni. Mutanen benci suka ce wallahi haka ne. Kafin kasuwa ta ci, labari ya kai ƙauyukan kwarin cewa ƙahon barewa ya warkar da gyambon Nomau bayan likita ya gaza. Sai da majo ya bi ta wurin liman da mai gari aka yi shela cewa duk wanda ya yanke ƙahon dabba ya kawo ta, ba za a karɓe shi ba, domin wani ya riga ya iso da bunsuru.

Abin da na ɗauka daga wannan, shi nake so ku riƙe. A makaranta za a koya muku abin da ke warkar da miki, kuma gaskiya ne, ruwa mai tsabta ne da ɗauri da hutu. Ba za a koya muku abin da ke zaunar da mai mikin ba, kuma in bai zauna ba, sauran duk aikin banza ne. Tsoro ba ya zaunar da manomi, bayani ma haka. Kowane mutum da abin da zai iya wuni yana gadi, kuma da wuya ya zama jikinsa ne. Tun daga lokacin, in aka kawo mini mai gyambo, kafin in kwance tsumman nakan tambayi wanda ya rako shi me mutumin yake so a duniya. Kada kuma ku jira a ce ku ne kuka yi. Ni na wanke ƙafar nan tun sanyi har bazara, majo ya kankare ta, Inna Tsahara ta ja guga har bayanta ya ƙage, amma a kwarin Badaguishiri har gobe barewa ce ta yi aikin. Ban yi jayayya da wannan ba. A cikinmu duka ita kaɗai ce ba a nemi yardarta ba, kuma ita kaɗai aka yanke wa wani abu.